Shawara A Kan Ciwon Shawara

 A cikin takardun da suka iso mini makon jiya akwai ta wani malamin makaranta, wanda ya roƙa kada a ambaci sunansa ko na garinsu. Ga abin da ya ce a taƙaice. Ya yi 'yan kwanaki ba ya jin daɗin jikinsa, ya tafi asibiti aka ɗebi jininsa aka auna, aka ba shi takarda an rubuta wai wani abu mai suna bilirubin ya yi masa yawa. Da ya komo gida gwaggonsa ta buɗa idonsa ta duba, ta ce ai wannan shawara ce, ba ciwon asibiti ba ne, mai shawara kuwa in aka yi masa allura sai gawa. Kafin la'asar har an kawo masa kwalabe biyu na jiƙo. Yanzu ga takardar likita a hannun dama, ga kwalba a hannun hagu, ya rasa wadda zai bi. Yana tambaya, mene ne wannan bilirubin, me ke sa shi yawa, kuma yaya mutum zai kiyaye hantarsa?

Malam, ka yi daidai da ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Na daɗe ina aiki a ɗakin awon jini, irin takardar nan taka kuwa na rubuta ba iyaka. Amsata a dunƙule ita ce wannan: rawayar ido alama ce, kamar yadda hayaƙi ya ke alamar wuta. Wanda ya ga hayaƙi bai san ko tuwo a ke dafawa ko rumbu ke ci ba, sai ya je ya duba. Cututtuka da yawa ke sa ido ya yi rawaya, waɗansu ba su da wata illa, waɗansu suna kisa cikin mako guda, mu kuwa mun haɗa su duka mun sa musu suna ɗaya, mun ce shawara. To, sunan da ya zama ɗaya shi ya ruɗe mu har mu ke nema musu magani ɗaya.

Bari in fara daga tushe. Abin da ya sa jini ya ke ja waɗansu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ko wace ɗaya ta kan yi wajen kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta tsufa, saifa ta kama ta ta farfasa. A jikin babban mutum fiye da miliyan 2 ke mutuwa ko wace daƙiƙa, waɗansu sababbi na maye gurbinsu. Jiki ba ya ɓarna, ya kan tsince ƙarfen da ke ciki ya sake aiki da shi. Abin da ya saura, wani tuƙa ne mai launin ɗorawa, shi a ke kira bilirubin. Jini ya kan ɗauke shi ya kai wa hanta, hanta ta sarrafa shi yadda zai narke cikin ruwa, ta zuba shi cikin ruwan ɗacin nan da ke taruwa a matsarmama, daga nan ya bi wata 'yar siririyar hanya ya faɗa hanji, ya fita tare da bayan gida. Shi ne ma ke ba bayan gida launin da muka san shi da shi. A jinin mai lafiya ba ya wuce kamar miligiram 1 cikin mililita 100. In ya kai wajen 3, sai farin ido ya soma rinewa.

Da ya ke da yawa cikinku ma'aikatan ofis ne, ga misali daga wurin aikinku. Ku ɗauka hanta akawu ce, bilirubin kuwa takardu ne da ke zuwa teburinta, ta buga musu hatimi, masinja ya fita da su. In ka shiga ofis ka tarar takardu sun yi tsibi, ɗayan uku ne. Ko dai takardun da ke shigowa sun fi ƙarfin akawu, ko akawun ba shi da lafiya, ko kuwa ya gama nasa amma an toshe ƙofar da masinja ke fita. Haka al'amarin shawara ya ke. Awon jini kuwa yana iya rarrabe bilirubin da hanta ta riga ta buga wa hatimi da wanda bai iso gare ta ba tukuna, da wannan likita ke fara gane inda cikas ya ke.

Na farko, takardu sun yi yawa, watau jini na farfashewa fiye da ƙima. A ƙasarmu babban mai yin wannan aiki shi ne zazzaɓin cizon sauro, don ƙwayar cutar cikin ƙwayoyin jinin ta ke shiga ta fasa su. Nan ne maganar gwaggo ta ke da haɗari. Mai zazzaɓin sauro in idonsa ya yi rawaya, alama ce ciwon ya tsananta, maganinsa na farko kuwa allura ce. Wanda aka hana shi allura don tsoron shawara, an hana shi abin da zai cece shi. Gaskiyar da ke cikin maganar tsofaffi ita ce akwai magungunan da hanta mai ciwo ba ta iya ɗauka, sabo da haka likita ne zai zaɓa, ba mai kanti ba. Sai kuma amosanin jini, wanda a ke kira sikila, masu shi sau da yawa idonsu ba ya rabuwa da 'yar rawaya. Akwai kuma waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai tsare ƙwayoyin jini, likitoci na ce masa G6PD, maza sun fi samunsa. Irin waɗannan suna zaune lafiya, amma waɗansu magunguna, ko kafur ɗin nan da a ke sa wa cikin akwatin tufafi, sai su sa jininsu ya farfashe farat ɗaya.

Akwai wani hali kuma da ya kamata in faɗa don hankalin waɗansu ya kwanta. Cikin mutum 100 a kan sami kamar 5 waɗanda akawunsu lafiyarsa lau, sanyin hannu kawai gare shi tun haihuwa. In sun yi azumi, ko sun gaji, ko sun yi 'yar masassara, sai idonsu ya ɗan yi rawaya, bayan kwana kaɗan ya washe. Waɗansu likitocin Faransa biyu, Gilbert da Lereboullet, su suka bayyana shi a 1901. Ba ya cutarwa, ba ya bukatar magani. Amma fa ba mutum ke yanke wa kansa wannan hukunci ba, sai an auna an ga sauran aikin hanta daidai ya ke.

Na biyu, akawu ba lafiya, watau hanta kanta ta kamu. Nan zan daɗe, don nan ne mutanenmu suka fi halaka. Akwai ƙwayoyin cuta masu kumbura hanta, an sa musu sunayen baƙaƙe, A, B, C, D da E. A da E ta baki su ke shiga, cikin ruwa ko abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa. Galibi su kan yi makonni su wuce da kansu. Amma E mugu ne ga mace mai ciki. A 2017 ya ɓarke a yankin Diffa ta Jamhuriyar Nijar, inda 'yan gudun hijira suka taru ruwa ya yi ƙaranci, mafi yawan waɗanda suka rasu kuwa mata ne masu juna biyu. Sai kuma zazzaɓin shawara na ainihi, wanda wani irin sauro ke yaɗawa, ya kan zo kamar annoba. Ya yi ɓarna a ƙasar Jos a 1969, ya sake ɓullowa a Jihar Kwara a 2017. Rigakafinsa allura ɗaya ce tak, ta isa har ƙarshen rai. Ƙwayar da aka yi wannan allura da ita daga jinin wani mutum mai suna Asibi aka samo ta a 1927, a ƙasar da yau a ke kira Ghana.

B da C su ne ɓarayin dare. Ta jini su ke shiga, B kuma har ta saduwar namiji da mace, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Su kan zauna cikin hanta shekara ashirin ko talatin mutum bai sani ba, suna cinta a hankali har ta ƙandare, ko ta yi ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 ke ɗauke da C, su biyun kuma suka kashe wajen mutum miliyan 1.3 a shekarar nan. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin manya 100 wajen 8 na ɗauke da B. Ku duba sahun masallaci ko ɗakin taron malamai ku yi lissafi da kanku.

Ga abin da na gani da idona. Muna da wani abokin zama, mutum mai fara'a, ba ya shan giya, ba ya wasa da iyalinsa. Wata shekara idonsa ya yi rawaya, na roƙe shi ya zo in ɗebi jininsa, ya yi dariya ya ce shi da shawara sun saba. Ya sayi kwalba wurin wani mai tallan magani a tasha, ya sha mako uku, ido ya washe. Ya zo har gida yana yi mini ba'a, ya ce to, malamin asibiti, ina allurarka? Ban sami ta cewa ba. Abin da bai sani ba, rawaya ta kan washe da kanta ko an sha kwalba ko ba a sha ba, ƙwayar kuwa tana nan. Bayan shekara tara cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka haye, ya rame. Sa'an nan aka auna, aka ga B ce, hanta kuwa ta riga ta lalace. Bai kai damina ba. Da muka auna iyalinsa, aka sami ƙwayar a jikin biyu cikin 'ya'yansa. Su dai an gane da wuri, suna hannun likita. Har yau in na tuna dariyar nan tasa sai in ga laifina, da ban matsa masa ba.

Abin baƙin cikin shi ne wannan ciwo yana da makari. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar B cikin jini a 1965, daga nan aka sami hanyar awo, daga baya aka sami rigakafi. Nijeriya ta sa shi cikin alluran yara a 2004. Ku riƙe wannan da kyau: babban mutum in ya kamu da B, galibi jikinsa ya kan kore ta, waɗanda ta ke zaunar wa ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa in ya kamu wajen haihuwa, wajen 9 cikin 10 ta zauna musu ke nan. Don haka ne a ke so a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sa'an nan a bi da sauran a mako 6, da 10, da 14. Kada a ce sai an yi suna, ko sai uwa ta gama wanka. Wanda ya riga ya kamu kuma kada ya yanke ƙauna, akwai ƙwayoyin sha, irin su tenofobir, masu danne cutar su tsare hanta, likita ne zai faɗa ko lokacin shan ya yi. C kuwa, wadda aka gano a 1989, yanzu ana warkar da fiye da 95 cikin 100 da ƙwayoyin sha na wajen mako 12. Kuma kada a ƙyamaci mai B. Ba a ɗaukarta ta gaisawa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro.

Ba ƙwayoyin cuta kaɗai ke kwantar da akawun nan ba. Giya na yi, kowa ya sani. Maganin ciwon kai ɗin nan farasitamol, wanda mu ke sha kamar gyaɗa, in babban mutum ya wuce giram 4 a yini, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, yana iya ƙone hanta, mai shan giya ko mai ciwon hanta kuwa ko hakan ya yi masa yawa. Maganin tarin fuka ya kan taɓa hantar waɗansu, mai shansa in ya ga rawaya sai ya koma wurin likitansa a ranar. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san awonsu ba, su ma hanta ce ke fama da su. Ƙiba da ciwon sukari kuma su kan tara kitse a hanta, wannan kuwa ciwon masu zaman kujera ne irinmu.

Na uku, an toshe ƙofa. Wani lokaci tsakuwa ke fitowa cikin matsarmama ta gangaro ta tsaya a hanyar ɗaci, wani lokaci kuwa tsiro ne ke danne hanyar. Alamarsa ba ta ɓuya: fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari kamar farar ƙasa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Hoton ciki ke nuna wannan, maganinsa kuwa a buɗe hanyar. Ko an sha tulu goma na jiƙo, tsakuwa tana inda ta ke.

Yanzu ga maganar jarirai, ina roƙonku ku karanta wa matan gida. Cikin jarirai 10 da suka cika watanninsu, wajen 6 su kan yi 'yar rawaya a makon farko, don hantarsu sabuwar ma'aikaciya ce, ba ta kama aiki sosai ba. Yawanci ta kan wuce. Amma in bilirubin ya hau ƙwarai ya kan shiga ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma, ko jikinsa ya shanye, wannan kuwa ba ya gyaruwa. A fito da jariri wurin haske ko wace safiya, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna hancinsa a saki a ga launin fatar. In rawaya ta fito tun ranar haihuwa, ko ta sauko har ciki da tafin hannu, ko yaro ya ƙi nono, ya cika barci, yana kuka mai tsini, ko yana banƙarewa, a tafi asibiti a wannan sa'a. Haka kuma in ta wuce mako 2, balle in kashinsa fari ne. Maganin kuwa mai sauƙi ne, a kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Wata ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, Jean Ward, ta fara lura a 1956 cewa haske na rage rawayar jarirai, likitoci suka bi sawu suka ƙera fitilar. Kada wani ya ji haka ya shanya ɗansa a rana, rana na ƙona fata ta kuma busar da yaro. A ci gaba da ba shi nono a kai a kai, a bar ruwan sukari da tsime, a kuma raba kayansa da kafur.

To, yaya za mu kiyaye hanta? Masu talla suna ta kururuwar maganin wanke hanta. Hanta ba riga ba ce balle a kai ta wurin wanki. Ita ke tace jinin jiki duka, kuma tana da wata baiwa, ko an yanke fiye da rabinta ta kan sake tofowa. Abin da ta ke nema gare mu a daina cutarta. Kowa ya je a auna jininsa don B da C ko sau ɗaya a rayuwa, wanda ba shi da B a yi masa rigakafi, allura 3 cikin wata 6. Mai zuwa wurin wanzami ya tafi da askarsa ko sabuwar reza, haka wajen ƙaho, da kaciya, da yankan farce, kada kuma a yarda da allurar da aka yi wa wani. A tafasa ruwan sha in ba a amince da shi ba, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida. A kwana cikin gidan sauro. A rage zaƙi da maiƙo, a riƙa taka ƙasa.

Saura guda, wadda manoma da 'yan kasuwa ya kamata su ji. Gyaɗa da masara in aka adana su da danshi su kan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana fid da wata guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sabo da cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. A 2004 masara irin wannan ta kashe mutum 125 a Kenya. Dafuwa ba ta kashe gubar. In ana cinta kaɗan kaɗan shekara da shekaru ta kan kawo ciwon dajin hanta, balle ga mai ɗauke da B. A busar da amfanin gona sarai kafin a zuba a rumbu ko buhu, a ɗora buhu bisa katako, a tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar. Arahar ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba araha ba ce.

Malam mai tambaya, ga amsarka. Ban ga takardarka ba, ko na gani ma lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Ka ajiye kwalaben nan, ka koma wurin wanda ya aike ka awo, ka tambaye shi abu uku: wane irin bilirubin ne ya hau, an duba zazzaɓin sauro da B da C, kuma ana bukatar hoton ciki? Ka faɗa masa duk abin da ka sha, na kanti da na gida, kada ka ɓoye don kunya. In kafin nan ka ga zazzaɓi mai zafi, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ciki na kumbura, ko barci da ruɗewa sun kama ka, kada a jira gari ya waye. Gwaggo kuwa ka yi mata magana da ladabi, ƙauna ce ta sa ta, kuma ta yi gaskiya da ta ce shawara ce. Abin da ya rage a san wace iri, wannan kuwa sai ɗakin awo. In ka sami sakamako ka sake rubuto mini, ina jira.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.